Abin da wuyan hannun 'yan sakandare ya koya mini

A makarantar koyon aikin jinya mun haddace cewa zuciyar babban mutum, idan yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, ta jariri kuwa takan wuce 120 kuma lafiyarsa lau. Sai da aka tura mu duba ɗaliban sakandare na ga yadda ake gangarowa daga bugun jariri zuwa na babban mutum, kowane yaro da nasa saurin.

Zuciya tana girma tare da jiki, kowane bugu yana tura jini fiye da na da, don haka ba ta buƙatar yawan bugawa. Sai dai balaga ba ruwanta da takardar haihuwa. Za ka tarar da 'yan shekara 13 su biyu a benci ɗaya, wannan muryarsa ta buɗe har gashin baki ya fara tsirowa, wancan yaro ne ɗanye shar. In bugun na biyun ya fi sauri, ba abin mamaki ba ne. 'Yan mata kuma bayan sun balaga nasu kan ɗara na samari kaɗan, domin zuciyarsu ba ta kai ta maza girma ba.

Malamarmu ba ta yarda a kama hannun wanda ya shigo a guje daga filin wasa. Sai ya zauna minti 5 tukuna. Yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun. Kuma minti guda cif ake ƙirgawa, saboda bugun matasa yana ƙara sauri idan sun ja numfashi, ya lafa idan sun sauke. Wannan ba ciwo ba ne, ko da yake yakan tsorata sabon hannu.

In lambar ta haura, tambaya ce ke biyo baya. Akwai zazzaɓi? Kowane digiri ɗaya na zafin jiki yakan ƙara bugu kamar 10. An ci goro ko an sha lemon ƙarin kuzari? Yarinyar da ke zaune shiru amma bugunta ya wuce 100, mukan janyo fatar idonta ta ƙasa mu ga ko ta yi fari, sannan mace a cikinmu ta ja ta gefe ta tambaye ta yawan jinin al'adarta, domin ƙarancin jini yana sa zuciya gudu. Ɗan ƙwallon da muka samu da 55 kuwa, in ba ya jin jiri kuma bai taɓa suma ba, komawa aji yake yi.