Gansakuka a tankin murjani: baki nake nema mata kafin magani

Wahalar ajiye murjani mai rai, irin na teku, a tankin gida daga abu ɗaya ta samo asali: duk abin da murjani yake so, gansakuka ma shi take so. Haske mai ƙarfi, ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 26, da ɗan abinci narkakke a cikin ruwan. Shi kansa murjanin, a cikin tsokarsa akwai wata gansakuka 'yar mitsitsiya da ido ba ya gani, ita ce take karɓar haske ta haɗa masa yawancin abin da yake ci. To ta yaya za ka shirya ruwan da zai yi wa wannan daɗi ya kashe waccan? Ba ya yiwuwa. Duk tankin da ka gani fes, ba don gansakuka ba ta tsirowa ba ne, akwai masu cinye ta ne tun tana jaririya.

Nawa tankin mai cin lita 300 ne, yana falo a nan Kano. Teku ta yi mana nisa, don haka ruwan gishirin haɗa shi nake yi da garin gishirin da ake sayarwa don wannan aiki, har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Maganar gansakuka tun daga nan take farawa, kafin ma kifi ya shiga. Ruwan burtsatsen da muke sha lafiya lau yakan zo da silika da naitiret, wani lokaci har da fosfet, waɗannan kuwa su ne takinta. Ga zafin bazara, ruwa yana ta ƙafewa. Abin da yake tashi tururi zallar ruwa ne, sauran tarkacen yana nan a ciki, saboda haka duk ranar da ka cika tanki da ruwan burtsatse ka ƙara taki a kan na jiya. Shi ya sa ban yarda ko ɗigo ya shiga ba sai ya bi ta matatar RO/DI mai tsame duk abin da ya narke a ruwa, abin awon TDS, wato na narkakken tarkace, ya nuna sifili. Da ya fara nuna 1 ko 2, na san ƙwayoyin matatar ƙarshe sun gaji, sai canji.

Da hunturu kuwa tagogin falon a rufe suke, saman tankin ma ina rufe yawancinsa. Ƙurar nan da take lulluɓe mu, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ɓawon ƙananan halittu masu jikin silika, kuma tana ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosforos. Ita ce take tsallaka Tekun Atilantika ta je ta ciyar da dajin Amazon. Abin da ya isa ya ciyar da daji, ba na so ya sauka a kan lita 300.

Sai kuma sanin wace ce a gabanka, domin ba iri ɗaya ba ne. Garin nan mai ruwan ƙasa da yake rufe yashi a sabon tanki, ƙyale shi, in silika ta ƙare zai tafi da kansa. Jan majina mai shimfiɗa a kan yashi, wadda take ɓarewa falle-falle, ba ma gansakuka ba ce ta gaske, bakteriya ce, kuma inda ruwa ya kwanta datti ya taru nan take zama. Zuƙe ta da tiyo, ka juya famfo ya riƙa kaɗa wurin. Akwai koren ƙwallo mai sheƙi, Valonia, wanda nake ɓamɓarewa da yatsa a hankali. Amma wadda take hana yawancinmu barci ita ce koriyar nan mai gashi.

Ita mai gashi tana da wata yaudara. Ka ga dutse ya zama kore shar, ka ɗauko kayan awo, fosfet ya nuna sifili, naitiret ma sifili, sai ka ce ai ruwana tsaf yake. A'a. Gansakukar ce take zuƙe su da zarar sun fito, ba ta barin abin da za ka auna. Bayan haka shi kansa dutsen murjani yana riƙe fosfet a jikinsa, in ruwan ya yi ƙasa sai ya riƙa sako shi sannu a hankali, watanni. Shi ya sa mutum zai canza ruwa kashi 30 cikin ɗari yau, jibi ya auna ya tarar da abin ya dawo inda yake. Ba canjin ruwan ne bai yi aiki ba, rumbun ne bai ƙare ba tukuna.

Abin da nake yi mata aikin hannu ne. Kowane mako, ranar canjin ruwa, sai in kashe famfunan, in kama bakin tiyo tsakanin babban yatsa da manuni, in matse gashin a bakin tiyon in fizge, ruwa ya ja shi ya kai bokiti. Ba a tuge ta a sake a cikin tanki, duk silin da ya tsere zai je ya kafa a wani wuri. Guntun da ya rage in bi shi da buroshin haƙori, tiyon yana gefe yana sha. Duk dunƙulen da ya fita, ya fita da takin da ya sha. Ciyawar gona ma ai ba a kashe ta da hana gonar taki, noma ake yi.

Dalilin aske ta ƙasa-ƙasa kuwa shi ne masu kiwo. Dodon koɗi ba ya cin dogon gashi, kewaye shi yake yi, amma in ka gajarta masa zai kankare har dutse. Na fi son irin Trochus, don in ya faɗo ta baya yana iya juyawa da kansa, Astraea kuwa nan zai kwanta har ya mutu in ba ka gani ba. Da asuba in ka haska gilashi za ka ga hanyar da ya bi cikin dare, layi mai karkace-karkace, da sawun haƙoransa ƙanana jere a cikin koren. Ina da bushiyar teku guda, mai gajerun ƙayoyi, Mespilia. Ita kam ba ta zaɓe, har shunayyar gansakuka mai tauri da muke so takan kankare, ta ɗauki duk ƙaramin murjanin da ba a manne ba ta ɗora a ka ta yi yawo da shi. Na yarda da wannan hasarar, aikinta ya fi ɓarnarta. Kifayen tang da na zomo su ma gwanaye ne, amma tang kifin ninƙaya ne mai son fili, kada a cusa shi a ƙaramin tanki don kawai ya yi shara.

Abin da ya sa na dage a kan masu kiwo shi ne labarin Jamaika. A ƙarshen shekarun 1970 murjani ya rufe fiye da rabin duwatsun gaɓarta. Masunta sun riga sun kwashe yawancin kifayen da suke cin gansakuka, aikin ya koma kan wata baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema. A 1983 wata cuta ta ɓullo daga wajen Panama ta bi Tekun Karibiyan, ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiyoyin. Zuwa farkon shekarun 1990 murjanin Jamaika ya koma ƙasa da kashi 5, gansakuka ta tashi daga kashi 4 zuwa fiye da 90. Guguwar 1980 ta yi tata ɓarnar, amma abin da ya hana murjani farfaɗowa shi ne babu sauran bakin da zai share masa wurin zama. In teku da girmanta ta kasa, ina ga akwatin gilashi?

Rage taki yana da nasa wuri, ban ce a'a ba. Daskararren abinci ina narkar da shi in zubar da ruwan, in ba kifi abin da zai cinye nan take. Kofin na'urar kumfa, wadda take fitar da datti daga ruwa, ina wanke shi kafin wuyansa ya toshe. A ƙaramin tankin ƙasa ina kiwon Chaetomorpha, wata koriya mai kama da zaren da ya cukurkuɗe, fitilarta tana kunne da dare, in ta cika in yanke rabi in zubar. Amma ba sifili nake nema ba. Naitiret wajen 5 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, nan nake so su tsaya. Wanda ya zuba garin ƙarfe mai zuƙe fosfet da yawa lokaci ɗaya, murjaninsa zai koɗe, sannan ya buɗe ƙofa ga wadda ta fi kowa muni: majina mai ruwan ƙasa mai ja da kumfa a kai, wadda take ɓacewa da dare ta dawo da rana. Wasu irinta suna da dafi, suna kashe dodon koɗi, ka ga an rasa masu kiwon gaba ɗaya. Ita kuma maganinta ya saɓa wa hankali: a daina canza ruwa, a ƙara abinci har awo ya tashi, a sa fitilar UV mai kashe ƙananan halittu ga irin da take yawo a ruwa da dare.

Magani na kwalba a wuri ɗaya na yarda da shi. Bryopsis, mai ganye irin gashin tsuntsu, tana kafa saiwa cikin dutse, yawancin masu kiwo ba sa taɓa ta, kuma fluconazole yana kashe ta cikin mako biyu zuwa uku. Sai dai duk abin da ta sha zai koma ruwa yayin da take ruɓewa, kuma ruɓa tana cin iskar da kifi yake shaƙa. Mu da wuta take ɗaukewa ba sallama, kada ka fara wannan aikin sai ka tabbata batirin inbata zai riƙe famfo ɗaya da abin hura iska har gari ya waye.