Gurnanin janareta ya daidaita mini kaset biyun nan

Jama'a, kaset biyun nan sun yarda sun jeru! Daren jiya na saurari gefen farko tun daga tafin buɗewa har inda zare ya ƙare, ban ji ganga ta daki kunnena sau biyu ko a wuri guda ba. Wallahi har yanzu daɗi nake ji.

Ga wanda bai bi maganar daga farko ba: wasa ɗaya ne na mawaƙin fok-rok a wani bikin fili a Ingila, cikin shekarun 1980, 'yan kallo biyu suka ɗauka. Na farko yana kusa da lasifika, murya da jita sun fito tas, amma batirinsa ya riƙa mutuwa a hankali. Na biyu yana can baya, iska ta yi ta bugun makirufonsa, sai dai injin rikodarsa ya fi tsayuwa, kuma shi ya kama amshin jama'a. Burina in haɗa su su zama sauti ɗaya. Kafin in fara ma sai da na canza bel ɗin rikodata, kuma kuɗin aiko shi ya ninka kuɗin bel ɗin kansa. Wannan ya ƙona mini rai, amma a bar shi.

Matsalar ita ce gudu. Kaset santimita 4.76 yake tafiya a daƙiƙa, amma a takarda ke nan. Idan batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, zare yana jan ƙafa, in ka zo kunnawa a rikoda mai lafiya sai waƙa ta yi sauri, murya ta haura sama. Da a ce kuskuren a tsaye yake da sauƙi: ka auna sau ɗaya, ka rage gudu a Audacity, manhajar gyaran sauti, shi ke nan. To wannan ƙaruwa yake yi, kuma ba a miƙe ba. In na daidaita waƙar farko, kafin a kai ta uku sun rabu. Ku tuna, bambancin kashi 2 cikin ɗari kawai ya kusa minti guda a gefen kaset na C90 mai minti 45. Kuma tun kafin tazarar ta yi girma, millisakan kaɗan sun isa su mayar da muryar mutum kamar yana waƙa cikin bututu.

Dabarar da kowa ya sani ita ce bin gurnanin wuta, wato ƙarar da wutar lantarki ke bari a cikin sauti. A Ingila 50 Hz ne (kaɗawa 50 a daƙiƙa), a Amurka 60, idan ka gan shi a 51 ka san kaset ya yi sauri da kashi 2. Na buɗe hoton sautin, ga layin nan ɓaro-ɓaro a kaset na farko, ya tashi daga wajen 51 yana hawa. Sai na ga yana rawa, ya sauka ya hau a wuraren da kunnena bai ji murya ta motsa ba. Da na miƙar da layin da ƙarfi, sai jitar ta fara lilo. Nan ne na kusa haƙura, don ma'aunin da na dogara da shi ya zama shi ma yana buƙatar ma'auni.

Abin da ya warware shi: biki ne na fili, alamu duka sun nuna da janareta aka yi, janareta kuwa yakan ɗan durƙusa in an ɗora masa kaya, misali in fitilun dandamali suka kama gaba ɗaya. Ke nan rawar layin iri biyu ce, ta wuta da ta batir. Kuma gurnanin ta lasifika ya fito, saboda haka yana cikin kaset na biyu ma. A can iska ta binne 50 ɗin, amma da na hau 150 Hz, ninkinsa uku inda gurnanin ke sake fitowa, sai ga shi siriri. Na jera layukan biyu. Duk inda suka lanƙwasa tare, janareta ne, ba na taɓawa. Inda na farko ya kauce shi kaɗai, batir ne, nan nake sa alama a Time Track, layin sarrafa gudu na Audacity, in ja shi ya bi ɗan'uwansa. Gudu da amo tare nake gyarawa, domin tare suka lalace. Masu gyara amo su bar gudu, ko gudu su bar amo, a ganina ɓata kaset suke yi, kuma ana jin ƙarfe-ƙarfen a muryar.

Saura sanin ko shi na biyun daidai yake. Jita ba shaida ba ce, ana iya ɗaure ta sama ko ƙasa a ranar. Harmonika kuwa amonta a kafe yake, in dai ba inda mai busa ya lanƙwasa shi da gangan ba. Na nemi dogon amo mai tsafta na auna, ina sane cewa yawancinsu ana ɗan ɗaga su sama da 440 Hz da aka saba daidaita kayan kiɗa a kai, wajen 442. Gyaran da ya rage bai kai kashi ɗaya ba. Da na yi shi, muryar ta sauko ta zauna, ta yi kauri irin na mutumin da ya yini yana waƙa a iska.

A haɗin, na farko ne a gaba, na biyu na sa shi ƙasa sosai bayan na yanke masa abin da ke ƙasa da 100 Hz. Hayaniyar zare na bar ta yadda take.

Gefe na biyu bai ƙare ba. Mai kaset na farko ya juya kaset ɗinsa a tsakiyar waƙa, akwai ramin daƙiƙu da dole na biyu ya cike shi kaɗai, kuma canjin yana dukan kunne. Wanda ya taɓa ɗinke irin wannan rami, don Allah ya gaya mini ko tsawaita shigar yake yi ko daidaita kaifin sautin tukuna. In na gama zan fitar da FLAC, fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci, tare da cikakken tarihin kowane kaset da abin da na taɓa, kyauta kamar kullum, kuma zan ajiye asalin biyun ba gyara ga mai son gwada nasa hannun.