Wasan da na ƙi sakawa a shagona

Gidan wasan bidiyo gare ni: PlayStation huɗu, kwamfuta biyu, sai janareta mai cinye rabin ribata. Yawancin yara ƙwallo suke bugawa, amma akwai samari masu son wasan harbe-harbe, su ke sa ni sayen sababbin wasanni ta intanet da katin dala. A da ban taɓa tambayar wa ya ƙera wasa ba. In ya yi kyau, injina zai iya ɗauka, shi ke nan.

A Fabrairun 2023 aka saki Atomic Heart. Wani yaro da ba ya fashin zuwa ya dame ni: "Oga, yaushe za ka saka mana?" Na zauna da dare na bincika. Kamfanin Mundfish ne ya yi shi, 'yan Rasha ne suka kafa shi, ofishinsu na tsibirin Saifurus. Da aka matsa musu kan yaƙin Yukren, sai suka ce su ba sa tsoma baki a siyasa. Wannan amsar ta tsaya mini a rai.

Na san halin da ake ciki a Rasha. Tun Maris 2022 akwai dokar da za ta iya kai mutum kurkuku har shekara 15 in ya faɗi abin da gwamnati ta kira ƙarya game da soja. Ba zan ce wa magidanci a Mosko ya jefa kansa wuta ba, ni ma ina da 'ya'ya. Amma Ice-Pick Lodge, ƙaramin kamfani a Mosko ɗin, sun fito fili sun yi tir da yaƙin. Wargaming, masu World of Tanks, waɗanda asalinsu Belarus ne, hedkwatarsu kuma na wannan tsibiri na Saifurus, sun kori daraktansu na fannin ƙirƙira Sergey Burkatovskiy da ya goyi bayan mamayar, suka tattara nasu ya nasu suka bar Rasha da Belarus a Afrilun 2022. To wanda yake zaune lafiya a waje, yana karɓar kuɗin duniya, me ya rufe masa baki?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Volodymyr Yezhov, ɗan Yukren, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wasan S.T.A.L.K.E.R.: Clear Sky. Ya ɗauki bindiga ta gaske, aka kashe shi kusa da garin Bakhmut na gabashin Yukren a Disamban 2022. Abokin sana'ar 'yan Mundfish ne.

Na ce wa yaron: "Ƙanena, ka yi haƙuri, kuɗina ba za su je can ba." Ya yi fushi, ya koma wani shago na 'yan makonni.

Da S.T.A.L.K.E.R. 2, wanda wani kamfanin Yukren ya yi, ya fito a Nuwamban 2024, bayan yaƙi ya jinkirta shi har wasu ma'aikatan suka ƙaura Firag, babban birnin ƙasar Czech, na saya. Sai da na ƙara wa kwamfuta ɗaya ƙarfi kafin ta daina sandarewa, na yi wata biyu ina biyan mai gyara. Yaron nan shi ya fara zama a kujerar.