Gayaunata a Bamingam

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar Oktoba, ana yayyafi, dattijuwar Baturiyar da ke riƙe da littafin ƙungiyar masu lambu ta miƙa mini makullin ƙofa. Ta kai ni gaban wani fili da ciyawa ta kai wa mutum ƙugu, ta ce daga wannan turken zuwa wancan nawa ne. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da na sa sunana a layin masu jira. Na sa shi ne jim kaɗan bayan isowarmu Ingila, lokacin maiɗakina tana aikin jinya a asibiti, ni kuma ina kwana a gidan kula da tsofaffi, in dawo da safe in kwanta a ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabci. Sai in yi mako guda ƙafata ba ta taka ƙasa ba, daga kwalta sai kafet. Wannan ya dame ni fiye da sanyin da kowa ke kuka da shi.

Irin waɗannan filaye su ake kira alotmen a nan. Majalisar birni ce ke da yawancinsu, tana yanka su tana ba mazauna gari haya shekara-shekara a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tun 1908 doka ta ɗora wa majalisu nauyin samar da su idan jama'a suka nema, kuma a birnin Bamingam kaɗai, inda muke zaune, akwai wurare sama da 100. Cikakken fili yakan kai murabba'in mita 250, amma saboda yawan masu nema rabi ake ba sabon shiga, ni ma 125 na samu. Takardar da na sa wa hannu ta ce abin da na noma na ci ne da iyalina, ban da kasuwanci, kuma idan na bar wurin ya koma saura za a karɓe a ba na bayana.

Da daddare na kira mahaifina, na kwatanta masa girman wurin. Ya ce, “To ai gayauna ce suka ba ka.” Tun daga ranar sunan da nake kiran ta da shi ke nan. Shi manomi ne, ni kuwa a cikin birnin Kano na tashi wurin kawuna saboda makaranta. Iyakar sanina da gona shi ne kai abinci da korar tsuntsaye lokacin hutu. Sai ga shi shekarata arba'in da ɗoriya, a ƙasar wasu, zan fara koyon abin da yaro ɗan shekara goma ya sani a ƙauyenmu.

Niyyata ta farko in share wurin tas kafin ƙarshen wata. Maƙwabcina na dama, wani dattijo ɗan Jamaika da ya fi shekara talatin yana noma a wurin, shi ya tsayar da ni. Ya ce in ɗauki kashi ɗaya cikin uku in gyara sosai, sauran in rufe da kwali da baƙar leda har sanyi ya wuce, duhu zai yi mini rabin aikin. Ya kuma ce in riƙa zuwa bayan an yi ruwa mai ƙarfi in ga inda yake kwanciya, in riƙa lura da inda inuwar shinge ke faɗawa. Na ji nauyin maganar don gaggawa nake yi, amma na bi. Mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma ƙasar nan ba ta da nisa da dutsen idan ta bushe.

Laka ce mai danƙo, ba jigawar da fartanya ke shiga kamar gari ba. Idan ta jiƙe takan kama takalmi, idan ka taka ta a haka sai ta dunƙule ta hana saiwa numfashi. Fartanyar da na sa aka kawo mini daga gida sai na jingine ta, na koma ga shebur da wani ƙarfe mai yatsu huɗu da ake tona ƙasa da shi. Ciyayin ma sai da na koyi halin kowace. Akwai wata mai farar saiwa da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa kamar ƙiri-ƙiri, guntun da ka bari komai ƙanƙantarsa zai tsiro. Akwai mai naɗe shuka kamar yaryaɗi, da farin fure mai kyau, saiwarta na nutsewa ƙasa har ka gaji da bi. Ga kuma ƙayar da ke yin baƙaƙen 'ya'ya masu zaƙi, wadda ta cinye kusurwa guda. Shi ya sa dattijon ya hana ni hayar injin huɗa, don zai daddatsa saiwoyin ne ya watsa su ko'ina. Da hannu na tsince su, guga bayan guga, Asabar shida a jere, ina zuwa kai tsaye daga aikin dare kafin barci ya kama ni.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne lissafin lokaci. A gida manomi sama yake kallo, ruwa yake jira, da an yi na shuka kowa ya fita. A nan ruwa ba ya yankewa, kuma ba shi ke ba da izinin shuka ba. Sanyi ne mai iko. Har tsakiyar Mayu ana iya kwana raɓa ta daskare, ta ƙone tumatir da kabewa da wake a dare ɗaya, kuma daga Oktoba za ta iya dawowa. Tsakanin nan ne daminarsu, wata biyar ko ƙasa da haka ga duk shukar da ke son zafi. Ga kuma rana: a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, a Yuni kuwa har bayan 9 na dare da haske. Na sayi littafin rubutu na zana watanni goma sha biyu, ina tambayar maƙwabta ina cikewa.

Da na gaya wa mahaifina cewa a Nuwamba zan dasa tafarnuwa, ana shirin shiga tsananin sanyi, na zaci zai yi mamaki. Sai ya ce, “Mu ma ai da hunturu ake dasa ta a fadama, ita da alkama. Tana son sanyi ta yi kai.” Wannan ce shuka ta farko da na sa a ƙasar Ingila, kuma da shawararsa na sa ta: kowane ƙwaya tsininsa sama, tazarar taƙi ɗaya.

A takarda na raba wurin fangali huɗu, da hanya a tsakani yadda baro zai wuce ba tare da na taka inda zan shuka ba. Na farko dankalin turawa, wanda ake sawa a Maris ko Afrilu, ganyensa kuma yana danne ciyawa, ga tonon da ake yi masa yana sassauta laka. Na biyu albasa da tafarnuwa da karas. Na uku wake, na huɗu dangin kabeji, su kuma sai da raga saboda tantabarun daji. Kowace shekara za su yi musayar wuri don kada cuta ta zauna a ƙasa. Can ƙarshe inda ruwa ke kwanciya na kafa ramin taki da ganga biyu na tarar ruwan sama, don ana rufe famfon wurin da sanyi.

Maiɗakina ta duba zanen ta ce, “Malam, duk wannan akwai shi a kanti. Ina kayan miyarmu?” Gaskiyarta. Kuɓewa guda nawa ake ba mu a kan fam biyu a shagon 'yan Afirka, ta sha jirgi ta yi yaushi? Na je wurin wata mata 'yar Bangaladash da ke can ƙasa da ni, wadda na ga tana da rumfar leda da duma na reto a ciki. Ita ta fayyace mini. Alayyafo zai yi a fili ba matsala daga Yuni, su ma suna nomansa, ja da kore, 'yan Jamaika ma haka. Kuɓewa da lalo da attaruhu sai a cikin rumfa, kuma a rene su a gida kusa da taga tun kafin sanyi ya wuce. Yakuwa za ta ba da ganye, amma kada in sa rai da zoɓo, domin ba ta fure sai rana ta gajarce, lokacin kuma sanyi ya riga ya iso. Ta ƙulla mini irin alayyafonta a takarda ta ba ni, ta ƙi karɓar ko kwabo. A shekara biyu da na yi a unguwarmu ban san sunan maƙwabci ko ɗaya ba, a nan kuwa cikin wata biyu na san mutum bakwai, har da wanda ke kawo takin dawaki a raba.

Sai na goge rabin fangalin kabeji na rubuta alayyafo da yakuwa, na kuma ware wurin ƙaramar rumfar leda ta gefen da rana ta fi daɗewa. An yi mini kashedi da wasu dodon koɗi marasa kwanso da ke fitowa da dare su cinye tsiro tun yana jariri, don haka zan rene komai ya yi ƙwari kafin in dasa.

A makon farko na Janairu na je da 'yata bayan sallar azahar, ƙasa ta daskare tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ita ta fara ganin su, koren tsinin tafarnuwa a jere, ta tsuguna ta ƙirga talatin da takwas cikin arba'in da na dasa. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena ya nuna wa Baba. Bayan la'asar saƙon muryarsa ya shigo, yana cewa in tona wurin biyun da ba su fito ba in gani, ko ruɓewa suka yi ko ɓera ne, in kuma faɗa masa abin da na tarar.