Wasiƙa daga Ingila: motar da ke warkewa in ta ga makaniki

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Daga Ingila nake gaishe ku. Wata uku ke nan wata tsohuwar motar tsere mai kujera biyu, ƙirar 1974, ta hana ni sakat, sai makon jiya na gano bakin zaren.

Ciwonta irin na yaron da zazzaɓinsa ke sauka da an isa asibiti ne. Ina cikin tafiya, da na taka gargada sai fitilun gaba su dushe, allurar zafi ta yi ƙasa, injin ya yi tari. Kafin in sami wurin tsayawa, komai ya dawo garau. Sau biyu makaniki yana dubawa, ya ce lafiyarta ƙalau.

Na yi abin da mai garaje kan yi: na sake batir, na sake kwayil, wato na'urar da ke ba fulogi wuta. Asarar kuɗi kawai. Batirin farko ma ba shi da laifi, domin ƙarfin wutarsa yana nuna bolt 12.6 a kashe, kusan 14 in injin na aiki.

Sai na zauna da taswirar wayarin. A nan dole in yaba wa tsofaffin motocin ƙasar nan, kowace waya da launinta: ruwan ƙasa kullum da wuta, fara sai an murɗa makulli, koriya ta bi ta fis, baƙa kuwa ita ke mai da wuta jikin mota. Abubuwan da ke ba ni matsala ba layinsu ɗaya ba. To me suka haɗa? Hanyar komawa. Mun cika bin wayar da ke kai wuta, mu manta cewa sai ta koma batir ta ƙarfen motar, ƙarfen da gishirin da ake zuba wa tituna lokacin sanyi ya daɗe yana ci.

Wata safiya na taɓa wayar cok, wadda ake ja don tayar da inji mai sanyi, ba ta lantarki ba ce, na ji ta da ɗumi. Me ya kai wuta can? Ashe wutar ta rasa hanyarta ce take ratse.

Na ɗora ƙafa ɗaya ta mitar awon wuta a kan negatif na batir, ɗaya a jikin injin, na tayar da mota, na kunna fitilu da fanka. Bai kamata ta wuce bolt 0.2 ba. Da na girgiza kitsattsiyar wayar da ta haɗa injin da bodi, sai ta haura 1. Da ma na taɓa gwada wannan wayar a kashe, mita ta yi ƙarar da ke nuna wayar ba ta yanke ba, na wuce. Sili ɗaya ma ya isa ya sa ta ƙara, amma ba zai ɗauki kaya ba.

Rabin silin wayar ya tsinke, ƙarƙashin notin kuma duk tsatsa. Na goge wurin har ƙarfe ya yi fari, na sa sabuwa, na ɗaure, na shafa giris. Jiya da gangan na bi hanyar nan mai gargada, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Naku, daga Ingila.