Ranar da agogon kyamara ya kunyata ni a Sabuwar Kasuwa

Har yanzu in na tuna abin ga sai raina ya ɓaci wallahi. Wani Alhaji mai shagon wayoyi a Sabuwar Kasuwa nan Sakkwato na haɗa ma kyamarori huɗu da DVR, wato na'urar da ke ajiye bidiyon, da ƴar rauta mai raba intanet, aiki ya yi kyau an biya ni. Agogon DVR ɗin kuwa da hannu na saita shi, na dubi wayata na buga lokaci na yi gaba, ga wurin NTP, wanda ke ɗauko lokaci daidai ta intanet, ina kallo amma na ce ai ba komai.

Bayan wata biyar aka ɗauke kwalin waya bayan La'asar, Alhaji ya kira ni yana huci. Munka zauna muna neman ƙarfe huɗu, babu ranar ma sam, bidiyon duk ya tattaru a wata tsohuwar shekara. Ashe ƙaramin batirin cikin na'urar, CR2032 ɗin nan mai kamar kwabo, ya mutu, duk sadda anka ɗauke wuta sai agogo ya koma baya. Kuma kun san yadda wuta take a garin ga. Alhaji ya dube ni ya ce "Malam, kai ne ka ce komai zai fito." Ban da ta cewa.

Sai da munka kwashe awa uku muna kallo ɗaya bayan ɗaya, da hasken rana da lokacin da yara suka fita salla munka gane wurin.

Daga ƙarshe da na kunna NTP na sa adireshin da ake ɗauko lokaci, pool.ntp.org, sai agogo ya nuna sha ɗaya na dare alhali ko Magariba ba a yi ba. Yankin lokaci na Beijing ne tun daga kamfani, su suna gaban UTC, lokacin da duniya ke aunawa da shi, da awa 8, mu awa 1, tazarar awa 7 kenan. NTP lokacin UTC kawai yake kawowa, yankin kai ne za ka zaɓa.

Yanzu duk inda na yi aiki rauta nake sa ta ɗauko lokaci, sauran na'urori su ɗauka daga gare ta, in duba UDP 123, ƙofar da NTP ke bi, ba a toshe ba, sannan in zare wuta da gangan in mayar in ga mi agogo zai ce. Da hannun nan dai da na saita ranar, minti biyu kacal na so in rage, kwalin wayar kuma har yau Alhaji na tuna min in na shiga shagon.