Filasmar da na baro a shago

Asabar, 31 ga Mayu, 2014

Sabuwar talabijin ta shigo gida bayan La'asar, amma ba wadda na fita da niyyar saye ba ce. Yara sun yi tsalle har sun gaji, Maman Auta ta sa albarka, ni kuwa ga shi sha ɗaya ta gota ina zaune da wata tambaya da mai shago ya yi mini.

Kun san labarin tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙaton baya. Tun da fuskokin mutane suka koma kore a cikinta muke lallaɓawa. Abin da ya sa na daina jan ƙafa shi ne gasar cin kofin duniya da za a fara a Brazil ranar 12 ga Yuni. Bayan bam ɗin da ya tashi kusa da wani gidan kallo a Jos makon jiya, daren wasan ƙarshe na Real Madrid da Atletico, na tara samarin gidan na ce bana babu mai zuwa gidan kallo. Wasanmu da Bosniya ma sha ɗayan dare za a take shi. Tunda na hana su fita, ya zama wajibi in kawo musu kallon gida.

Na tafi Sabon Gari da magana ɗaya a bakina: talabijin samfurin filasma. A gidan Kawu na fara ganinta bara, ranar da Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na kofin Afirka, kuma tun ranar ban ƙara ganin ciyawar fili yadda na gan ta a allon nan ba.

Shagon dogo ne, cikinsa da ɗan duhu. An jera talabijin a bango, duk suna maimaita wasan Real Madrid da Atletico ɗin nan na Lisbon. Filasma mai inci 43 tana kusa da wata LCD mai inci 42, irin sababbin nan sirara da ake kira LED. Na tsaya har Ramos ya sa kan nan na minti na 93. A filasmar ƙwallo tana tafiya sumul, ido na bin ta ba wahala, baƙin sararin sama kuma baƙi ne wuluk. A ɗayar, in kyamara ta juya da sauri sai ka ga hoton ya ɗan ja jela, baƙinta kuma ya yi toka-toka. Na matsa can gefe kusa da ƙofa, filasmar ba ta canja ba, ɗayar kuwa kalarta ta koɗe. Ga shi kuɗin filasmar ya fi sauƙi. Na ce a sauko mini da kwalinta.

Mai shagon dattijo ne, da tabarau a saman goshi. Bai ce wa yaronsa ya tashi ba. Ya nuna mini benci.

"Malam, da rana wa ke wuni a falon?"

Na ce Hajiyarmu.

"Me take kallo?"

Na ce ba ta da tasha sai ta Harami. In akwai wuta tun hantsi ake kamo mata ɗawafi, tana jan carbi, har Magariba.

Sai ya miƙe ya ce in biyo shi. A can ƙuryar shagon akwai wata tsohuwar filasma da aka kawo gyara. Ya kunna ta, ya sa farin allo. A kusurwar sama ga inuwar tambarin wata tasha nan raɗau, a ƙasa kuma ga wani dogon zane inda rubutun labarai ke wucewa. Ya ce wannan ba ya gyaruwa.

Bayanin da ya yi mini ban taɓa jin wanda ya yi shi a sauƙaƙe haka ba. A filasma kowane ɗigo na hoto ɗan ƙaramin gida ne mai iskar gas a ciki, wuta na taɓa shi sai sinadarin da aka shafa a jikinsa ya haskaka da kansa. Inda hoto ke da duhu, ɗigon a kashe yake, shi ya sa baƙinta ke da zurfi. Amma sinadarin yana cinyewa da aiki, ɗigon da aka bari yana nuna abu ɗaya awa da awanni zai riga maƙwabtansa tsufa, shi ne tabon da na gani. LCD kuwa fitila ce a baya tana ci kullum, gaban allon yana buɗe mata hanya ko ya tare. Ba ya iya tarewa gaba ɗaya, dalilin tokar ke nan, amma tambari ba ya kama ta haka. Wadda ake kira LED ma LCD ce, fitilar bayan kawai aka sauya.

Na yi masa gardama. Na ce ai na karanta cewa filasmar yanzu tana ɗan motsa hoton yadda ido ba zai gani ba, don kada tabo ya zauna. Ya ce gaskiya ne, kuma abin ya ragu ƙwarai a kan na da. Ya ce da ni kaɗai ne, mai dawowa da dare ya kalli ƙwallo ya kashe, da shi da kansa zai ɗora mini ita a Adaidaita, a tsaye, don ba a kwantar da ita saboda nauyin gilashin. "Amma tashar Hajiya tambarinta ba ya motsi, ga azumi ƙarshen watan gobe. Daga tarawihi sai tahajjud. Ba na so ka dawo bayan Sallah kana kallona."

Daga nan ya shiga maganar wuta. Ya juyo mini da bayansu in duba takardar da ke manne. Filasmar tana jan wajen ninki biyun abin da ɗayar ke ja, kuma in hoto ya yi haske jan nata ƙaruwa yake. Ya ce in ɗora tafin hannu a samanta. Da ɗumi sosai. Na tuna ɗan janareton Tiger ɗinmu da ke nishi in an haɗa masa fanka biyu da ƙwayaye, ga fetur naira 97 lita, ga falonmu da tagarsa ke fuskantar yamma. Fuskar filasma gilashi ce mai ɗaukar ido, da rana labule da mai wucewa duk za ka gan su a ciki. A shagonsa mai duhu ne take sarauniya.

Na tambaye shi to me ya sa ta yi araha. Ya ce masu yin ta ne ke janyewa. Pioneer sun bari tun 2009, Panasonic, waɗanda kowa ya sallama musu a filasma, sun rufe nasu a watan Maris ɗin nan. Saura Samsung da LG. Nan da 'yan shekaru in wani abu ya ƙone a ciki, samun kayan gyara zai zama aiki.

Wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Abu ne mai kyau, idona ya gani, kuma ana barinsa ne don ɗayar ta fi sauƙin ƙerawa da ɗauka, ta fi ƙyalli a ƙarƙashin fitilun kanti. Har yanzu ina kan bakana cewa a ɗaki mai duhu, da wuta tsayayya, filasma ta fi. Ba wanda zai canja mini wannan.

Na biya kuɗin LCD ɗin, da ƙarin da ke kai, da sitabilaiza.

Amma ba talabijin ce ta hana ni barci ba. Tambayar nan ce ta farko. Mutumin bai taɓa ganin Hajiya ba, bai san sunanta ba, amma cikin minti biyu ya lissafa mini wuninta: hantsi zuwa Magariba, tasha ɗaya. Da ya faɗa sai na ji tsawon abin. Tun rasuwar Baba haka take. Yara na makaranta, daga can Islamiyya, Maman Auta na wajen aiki, ni sai dare. Da ƙawayenta na tsohuwar unguwa kan leƙo, yanzu mun yi nisa, ga ciwon gwiwa, ga gari ba kowa ke son fita ba. A bakinta ban taɓa jin ƙorafi ba. In na dawo na gaishe ta sai ta ba ni labarin Harami kamar daga can ta dawo: yau an cika, yau an yi ruwa, yau an sallaci gawa bayan Azahar. Awa nawa ke nan a shekara? Har da za su iya ƙona tambari a jikin gilashi.

A Adaidaita yaron shagon na ta yi mini hirar ko koci Keshi zai fara da Ahmed Musa ranar wasan Iran. Na amsa masa sama-sama.

Cunkoso a Fagge. Hadari ya haɗu ya watse, ko ɗigo.

Da aka haɗa, samarin suka so a sa ƙwallo. Na ce a fara kamo wa Hajiya tasharta. Ta gyara zama, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce yanzu tana iya ganin rubutun zinaren da ke jikin rigar Ka'aba. Ta ce amma hasken ya yi mata yawa. Na shiga saiti na rage fitilar bayan kusan rabi, hoton ma sai ya fi kyau, don a shago ƙure su ake yi.

Na ce, "Hajiya, gobe in kai ku Gwammaja ku wuni wajen su Gwaggo?"

Ta ce man motar fa? Na ce akwai. Ta ce to bari ta gani in gwiwar ta bari, kuma in za a je a tsaya a sayi goro.

Kujerar da Kawu ke zama in ya zo tana can gefe sosai, daga nan kalar a koɗe take, sai an jawo ta tsakiya kafin wasan Iran ranar 16. Mai huda bango ya ce sai Litinin, don haka tana kan teburi, na kuma gargaɗi Auta kada ya kusance ta da ƙwallonsa. Tsohuwar talabijin ɗin tana soro, maigadi ya ce yana so ko da koren.